Ɗan Gaye, Jikan Mai Tsumma

Ana jajibirin Sallah, a shagon wani tela da ke Tudun Wadan Zariya, wani saurayi ya gwada sabuwar shaddarsa, ya karya hula, ya tsaya gaban madubi yana jujjuyawa. Abokinsa ya ce, "Kai gaye, wannan wankan ai sai Kongo!" Tela ya yi dariya, allura a bakinsa. Ni kuwa kalmar gaye ce ta tsaya mini a rai, domin da saurayin ya san kakanta, da ya sauke kafaɗa.

Gaye aro ne daga guy ta Ingilishi, ita kuma sunan mutum ce. Guy Fawkes, haifaffen birnin York, yana cikin 'yan Katolikan da suka ƙulla tarwatsa majalisar dokokin Ingila tare da Sarki James na Ɗaya. Jagoransu Robert Catesby ne, amma Fawkes aka damƙe a ƙarƙashin ginin, yana gadin gangar albarushi 36, daren wayewar 5 ga Nuwamba, 1605. A watan Janairun 1606 aka kashe shi.

Daga nan ranar 5 ga Nuwamba ta zama biki. A da, yara kan cusa ciyawa cikin tsofaffin tufafi su yi mutum-mutuminsa, su zaga da shi unguwa suna roƙon kwabo, kamar dai 'yan tashe, in dare ya yi a cinna masa wuta. Wannan dodon tsumma shi ake kira guy. A ƙarni na 19, Bature ya ce maka guy, to shigarka yake wa ba'a.

Amurkawa ne suka wanke kalmar, ta koma nufin namiji kawai. Yau ma har taron mata sukan kira da ita.

Da ta iso hannun Bahaushe sai ya yi mata abin da ya saba yi wa baƙuwa: ya ƙara mata wasali a ƙarshe, ya yanka mata jam'i, gayu, sannan ya haifar mata da ɗan gaye da 'yar gayu. Ma'anar kuwa ya kifar da ita gaba ɗaya. Sunan da aka raɗa wa mai yagaggen kaya ya zama na mai guga da turare.

Saurayin dai ya biya cikon kuɗin ɗinki, ya ce a ƙara wa wuyan rigar aiki kafin magariba.