Dara Tsakanin Gwani da Ɗan Koyo

Mu da muka fito daga ƙasar Gwandu mun saba ganin dattawa da rani, a Gwandu ko a Kalgo, sun zauna gindin itace suna dara. Akan tona gurbi 30 a ƙasa, jeri 5 na shida shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Da fari sai a kasa su ɗaya ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku sa'ad da ake kasawa ba. In an gama sai a shiga tafiya, gurbi guda gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasansa.

To, me ya sa gwani kan kā da ɗan koyo? Mun lura tun wurin kasawa yake gama da shi. Ɗan koyo idonsa na kan ci, duk inda ya ga biyu sai ya kai hannu. Gwani kuwa hanya yake nema, ya toshe ta wancan, ya bar tasa a buɗe. Muradinsa ya sami jeri biyu kusa da juna, yadda ɗa guda zai riƙa kai da kawowa tsakaninsu, kowace tafiya da ci. In ya sami haka, magana ta ƙare.

Amma gwani ma yakan faɗi, raini kuwa ke kā da shi. Turawa suna da tasu darar mai gida 64, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji. A 1935 zakaran duniya, Alekhine, ya kara da Euwe, wani malamin lissafi na ƙasar Holan. Galibin masana sun ɗauka malamin ba zai kai labari ba. Aka yi wasa 30, Euwe ya ci 9, Alekhine 8, saura aka tashi kunnen doki. Kambi ya koma hannun malamin makaranta. Sai a 1937, da Alekhine ya shirya sosai, ya karɓo abinsa.

Mu da za mu tsaya gaban yara, wannan abin tunawa ne. Yaron da ya fi rauni kada mu bar shi ya fid da rai, mu koya masa kasawa tukuna. Mai ƙoƙari kuwa mu tsare shi daga raini, kada dara ta ci gida. Allah ya sa mu gane.