Kabewa Ta Yi Fure, Ina 'Ya'yan?

A unguwannin Alajo da Nima da Maamobi na birnin Akara, inda gida ke manne da gida, mai sha'awar shuka bai da fili sai tsohon bokiti ko buhun siminti cike da ƙasa a gindin katanga. Sai a jefa ƙwayar kabewa, ta yi yaɗo har ta hau kwano, ta cika da furanni ruwan ɗorawa. Kwana ɗaya, biyu, duk sun yanƙwane sun zube. Uwargida ta ce irin ne ba kyau, wata ta ce bakin maƙwabta ne.

Irin bai yi laifi ba, maƙwabta ma haka. Kabewa, kamar danginta kankana da duma da guna, fure biyu take fitarwa a yaɗo guda, namiji da mace. Namijin ke riga fitowa, sau da yawa da mako ɗaya ko biyu, kuma shi ba ya zama ɗa ko shekara zai yi. Duba gindin furen. In kan siririn tsinke yake, namiji ne. In akwai ɗan ƙullutu kamar jaririyar kabewa, mace ce. Zafi mai tsanani kan sa mazan su yi yawa, zafi kuwa ba baƙo ba ne a Akara, balle a tsakar gidan siminti.

Ko macen ta fito, sai an kai mata garin da ke cikin namijin kafin ta ƙulla. Garin nan yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, aikin ƙudan zuma ne. To ina zuma a unguwar da babu bishiya, ga hayaƙi, ga feshin maganin sauro kullum dare? Furen kuma safiya ɗaya tak yake buɗewa, kafin azahar ya rufe ke nan. Shi ya sa ƙullutun kan yi rawaya ya faɗi.

Akwai kuma laifinmu. Mukan labta kashin kaji ko takin zamani don son a ga ganye shar, kabewar ta ƙare ƙarfinta a yaɗo. Inuwar bene ma na hana ta, domin tana son rana aƙalla awa 6.

Maganin bai kai kuɗin koko ba. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, tsinko namiji wanda ya buɗe a ranar, cire fatun furen, ka goga tsinken mai gari a tsakiyar macen a hankali. In ya kama, cikin 'yan kwanaki za ka ga ƙullutun yana kumbura. In feshi ya zama dole, a bari sai yamma, lokacin da furanni suka rufe.

Don haka, Hajiya, kafin ki tumɓuke kabewar nan, ki ba ta mako biyu, ki riƙa leƙa gindin furen kowace safiya.