Bayan Windows 10: Makomar Tsofaffin Kwamfutoci a Karkarar Kano

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a watan Yulin 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. A Bichi da Dambatta da Minjibir, shagunan buga takardu sun buɗe kamar kullum, an buga katin ɗaurin aure, an cike wa masu neman aiki fom. Abin da ya tsaya ba a ganinsa da ido: facin da kamfanin ke turowa duk wata don toshe kafofin da 'yan kutse ke ganowa. Lamarin ya shafi wannan yanki kai tsaye, domin galibin kwamfutocin da ke hannun malamin makaranta da ɗalibi da mai shago 'yan tokumbo ne, HP da Dell da Lenovo da suka gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso titin Beirut a Kano. Ra'ayin wannan maƙala shi ne irin waɗannan na'urori suna da sauran ƙarfi, kuma abin da ya kamata a yi musu shi ne gyara bisa sani, a kayan cikinsu da kuma manhajar da ke tuƙa su.

Manomin arewacin Kano ba ya buƙatar a koya masa wannan dabara. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, daga Gezawa zuwa Makoɗa, gona na jikin gona, babu dajin da za a sara a yi sabuwa. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda mutanen kewayen Kano ke noma fili guda kowace damina ba tare da sun bar shi ya huta ba, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki, wanda ake tarawa a turke da bayan gida, har da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna. Mai gona ya san inda ƙasarsa ta gaji, nan yake zuba takin. Kwamfuta ma haka take. Idan ta yi nauyi, ba duk jikinta ne ya tsufa ba, sau da yawa gaɓa ɗaya ce ko biyu ke jan ƙafa.

Gaɓa ta farko ita ce rumbun ajiya. Tsohon rumbun da masu gyara ke kira hadis faifai ne na gaske da ke juyawa a ciki, yawanci sau 5,400 a minti, da wata 'yar allura da ke yawo a kansa tana neman bayanai. Duk jinkirin da ake gani wajen kunna na'ura, galibi jiran wannan allura ake yi. Sabon rumbun da ake kira SSD babu abin da ke motsi a cikinsa, yana iya karanta kimanin megabait 500 a daƙiƙa, inda tsohon ke kewayen 100, kuma girgizar babur a hanyar ƙauye ba ta lalata shi. Gaɓa ta biyu ita ce RAM, wato tabarmar da kwamfuta ke baje aikin da take yi a lokacin. Mai gigabait 4 tana cika da zarar an buɗe shafukan intanet kaɗan tare da takarda, amma in an kai ta 8 sai aiki ya sarara. Sai dai a kula, DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4. Abu na uku shi ne ƙura. Wanda ya taɓa ganin an buɗe laftof bayan hunturu ya san yadda ƙura ke danƙarewa a bakin fanka kamar auduga. In bazara ta zo zafi ya haura digiri 40, na'urar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sharewa da sabunta man da ke tsakanin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ƙarfen sanyaya ta kan dawo mata da kuzari.

Batun manhaja ya fi wannan sarƙaƙiya. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa: RAM gigabait 4 aƙalla, rumbu mai gigabait 64, wani ƙaramin sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesa, in ta Intel ce, daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda aka fara fitarwa a 2017. A nan ne tokumbo da yawa ke faɗuwa. Gane zubin ba wuya: a yawancin tsofaffin na'urori, lambar farko bayan sunan firosesa ita ke faɗa, i5-6300U zubi na shida ne, i5-8250U na takwas. Wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗa, kuma Windows 10 ɗinsa mai lasisi ce, hawa 11 kyauta ne. Wanda tasa ba ta cika ba yana da hanyoyi uku. Akwai ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda da Microsoft ta sanar, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, wanda jinkiri ne kawai. Akwai dabarar da masu gyara ke yi ta cusa Windows 11 ta bayan gida, wadda kan yi aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai lamunce wa irin wannan na'ura samun faci ba. Sai kuma Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, wadda ake samu kyauta bisa halal, kuma nau'o'inta irin su Ubuntu da Linux Mint suna tafiya lafiya a kan tsofaffin na'urori. Ubuntu 24.04, alal misali, tana da facin tsaro har 2029.

Wani zai ce, tunda tana aiki, me ya kai mutum taɓa ta? Amsar tana cikin abin da ya faru a watan Mayun 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ta fitar da facin wannan kafa tun watan Maris, waɗanda ba su saka ba su ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma kada a ɗauka nisan ƙauye kariya ne. Kwamfutar shago guda na iya karɓar filash daga hannu goma a wuni, a cikinta akwai hotunan fasfo, lambobin katin ɗan ƙasa da bayanan asusun bankin mutanen gari. Amanar jama'a ce ke kwance a wannan rumbu.

Wani kuma zai ce kashe kuɗi a kan tsohon abu asara ce, gara a tara a sayi sabuwa. Akwai gaskiya a ciki idan allon uwar na'urar ya lalace, ko an manne RAM ɗin yadda ba a iya ƙarawa, ko kuɗin gyara ya doshi kuɗin wata. Amma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma duk kayan kwamfuta da dala ake shigo da su. Magidancin da ke lissafin kuɗin taki da na makaranta zai iya sayen SSD a lokacin da sabuwar laftof ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Sannan abin da aka yar ba ɓacewa yake yi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka sarrafa ta hanyar da ta dace. A nan gida, ƙarshen irin wannan kaya shi ne hannun 'yan gwangwan, inda ake ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe, hayaƙin kuwa yara ne ke shaƙa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na baƙuncin Linux. Mai shagon da abincinsa ke kan CorelDraw ba zai sami wannan manhaja a can ba, don haka shi hanyarsa ita ce neman na'urar da ta cika sharuɗɗan Windows 11, kuma babu amfanin ɓoye masa haka. Amma kwamfutar gida, wadda aikinta rubutu ne da lissafi da bincike a intanet da kallon darasi, Linux ta ishe ta. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, kuma akwai tsarin madannai na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Sabo ne kawai, shi kuwa sabo da yi ake samunsa. Masu cewa waya ta wadatar su tuna cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa a ƙashin kansu. Yaron Kunchi ko Tsanyawa da bai taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba sai ranar jarrabawa, an ci shi rabin wasa tun kafin ya zauna. Tsohuwar laftof da aka gyara, wadda ƙaramar sola ke iya caja ko da babu wuta, ita ce ajinsa na farko.

Saboda haka aiki ya rataya a wuyan kowa. Mai saye ya tambayi zubin firosesa kafin ya tambayi farashi, domin araha ba ta ado. Mai kwamfuta ya kwashe takardunsa zuwa wani rumbu kafin ya miƙa ta a yi mata fomatin, domin abin da aka goge da wuya ya dawo. Masu gyara su ji tsoron Allah su faɗa wa mutum gaskiyar halin na'urarsa, su daina ɗora masa manhajar sata da babu wanda ya san abin da aka cusa a cikinta. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta suna da malamai da ɗaliban da za su iya koya wa matasan yankin sauya rumbu, ƙara RAM da ɗora Linux, sana'ar da ba ta buƙatar jari mai yawa. Mai karatu, kafin ka yanke wa tsohuwar kwamfutarka hukunci, kai ta a buɗe, a share, a duba lambar firosesarta. Rigakafi ya fi magani.