Kunne ko alama: yadda ake zaunar da giyar distiribita a garejin Ijora

Duk wanda ya saba bi ta Ijora a Legas, daga Olopa zuwa Badia ko ta hanyar da ke gangarawa tashar jiragen ruwa ta Apapa, ya san yawancin motocin da ake buɗe wa baki a gefen titi ba sababbi ba ne. Danfo ce, tsohuwar Volkswagen mai launin ruwan ɗorawa, ko Hiace ta ɗibar kaya, ko wata Peugeot 504 da ta ƙi mutuwa, irin wadda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975. Motocin yanzu kwamfuta ce ke raba wa fulogi wuta. Waɗannan kuwa har gobe distiribita ce ke wannan aiki, kuma a gindinta akwai wata 'yar giya wadda idan ta ci, sai an canja ta. Canjin ba wuya. Mayar da ita a daidai haƙorinta shi ne inda kanikawa suka rabu gida biyu: masu bin kunne da masu bin alama.

Mai bin kunne yakan zura distiribita inda ya ga rota ta fuskanci wajen da take a da, ya ce wa yaronsa, "Ba ta wuta." Idan ta tashi, sai ya sassauta noti, ya riƙa juya jikin distiribita a hankali yana saurare, har ƙarar inji ta kwanta masa a rai, ya ɗaure. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Kunnen da ya shekara ashirin yana jin inji ilimi ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ya rage, domin akwai injin da aka canja masa puli da na wata mota a kasuwar Ladipo, alamar da ke jiki ba tasa ba ce. Ga kuma direba a tsaye yana lissafin lodin da ya wuce shi, yana ta "Oga, don Allah a hanzarta." Aikin kunne minti goma ne.

Mai bin alama sai ya fara da cire fulogi na ɗaya. Dalilinsa shi ne kuranshaf yana juyawa sau biyu kafin distiribita ta juya sau ɗaya, don haka alamar da ke kan puli takan zo daidai har sau biyu: ɗaya lokacin da fistin ya matse iska da mai, ɗaya lokacin da yake korar hayaƙi. Ido ba zai bambance su ba. Sai ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, yaro na juya inji da sifana, har ya ji iska tana ture masa yatsa. To, a nan ne zai kai alamar puli kan alamar jikin inji, ya tsaya. Wanda ya tsallake wannan mataki yana iya zaunar da giya a kan zagayen hayaƙi, mota ta ƙi tashi, sai tari da aman wuta ta kafireta.

Bayan haka sai ita giyar. Haƙoranta a karkace suke, saboda haka yayin da take sauka tana kama ta kamshaf, rota takan murɗa kaɗan da kanta. Wanda ya san haka yakan fara zura ta da rota a ɗan goce, gwargwadon wannan murɗawa, yadda idan ta kai ƙasa bakin rota zai tsaya daidai kan wayar fulogi na ɗaya. A injuna da dama kuma ƙasan sandar distiribita shi ke juya famfon baƙin mai. Idan bakinsa bai shiga tsagar famfon ba, distiribita za ta tsaya a sama da tazara kaɗan, wanda ya danne ta da noti kuwa ya fasa wani abu. Injin Volkswagen irin na Beetle, wadda aka fara haɗawa a Ojo a 1975, nasa daban ne: sandar da ke juya distiribita tana da tsaga wadda ba a tsakiya take ba, kuma a ƙarƙashinta akwai wasu siraran washa da ke iya suɓucewa su faɗa cikin inji. In sun faɗa, aikin awa ɗaya na iya komawa na kwance inji.

Abin da ya sa na karkata ga masu alama lissafi ne mai sauƙi. A ce giya tana da haƙora 12. Goce wa haƙori ɗaya digiri 30 ne a distiribita, wato digiri 60 a kuranshaf. Alhali yawancin waɗannan injuna, in suna tsaye suna silo, wutarsu tana zuwa ne tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Juya jikin distiribita yana iya cike wani ɓangare na wannan giɓi, amma sau da yawa gwangwanin iskar da ke gefenta yakan tokare da jikin inji kafin a kai inda ake so. Daga nan sai dabara ta shigo: a matsar da wayoyin fulogi rami ɗaya a kan murfi. Mota za ta tashi, direba ya tafi yana godiya. Sai dai bakaniken da zai taɓa ta nan gaba, a Agege ko Mile 12, zai tarar da waya ta ɗaya a inda ba wurinta ba, ya mayar da ita yadda ya sani, mota ta mutu a hannunsa a ɗora masa laifi.

Kunne yana da wata yaudara da ba kowa ke faɗa ba. Inji a tsaye, babu kaya, ya fi daɗin sauraro idan wuta ta yi gaba fiye da ƙima: yana ɗaga murya, yana amsa totur da sauri. Amma a cika danfo da fasinja, a hau gadar Eko da tsakar rana, sai a ji wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Mai ne ke fashewa ba bisa tsari ba yana dukan kan fistin, kuma haka ake ƙona fistin. Idan kuma wuta ta yi baya, mota ta yi nauyi, lagireto ya tafasa a cunkoson Apapa, mai yana tafiya a banza. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan asara ta daina zama ƙarama ga mai neman abinci da mota.

Masu alama ma suna da nasu sakaci. Akwai wanda zai daidaita komai bisa ƙa'ida, har da fitilar taimin, amma bai tambayi abin da ya cinye tsohuwar giyar ba. Giya ba ta ci haka kawai. Ko baƙin mai bai isa wurin ba, ko bushin sandar ya yi lako tana rawa, ko haƙoran kamshaf ɗin ne suka lalace, su kuma za su cinye sabuwar cikin 'yan watanni. Garin ƙarfen da tsohuwar ta zubar yana nan cikin baƙin mai, sai an juye shi an canja filta. Fil ɗin da ke riƙe giya a jikin sanda shi ma sabo ake sawa.

A ganina, zaunar da giya aikin alama ne, babu sassauci. Kunne yana shigowa bayan an gama wannan, domin injin da ya tsufa, yana shan man da ba kullum ingancinsa ke zama ɗaya ba, ba lallai ya so adadin da littafi ya rubuta masa yana sabo ba. Bakanike ya shiga gaba kusa da direba, a hau tudu da babbar giya, a take totur. In ya ji ƙas-ƙas, a tsaya ya ja wuta baya kaɗan, a sake hawa, har ta daina. Sannan ya ɗauki fenti ya ja layi daga jikin distiribita zuwa jikin inji, don wanda zai kwance ta bayansa ya san inda ya same ta.