Waƙar Lebura da Sauran Waƙoƙin da Aka Bari a Baya

A ƙasar Hausa kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manomi yana da gangar noma, mata kuma suna da waƙoƙin daka da na niƙa. Amma ma'aikacin masana'anta a Kano, wanda ke fitowa daga Kumbotso ko Panshekara tun da asuba ya nufi kamfanonin jima na Challawa, ko na robobi a Sharaɗa, ko masaƙun da suka taɓa cika Bompai, da wuya ya kunna rediyo ya ji an ambaci rayuwarsa. Irin waɗannan waƙoƙi suna nan. Abin da suka rasa shi ne mai ɗaga su, domin a wajenmu shaharar waƙa ta fi bin aljihun wanda aka yi wa ita.

Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi ne babbar hujja. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya karkata ga talaka a lokacin da manyan makaɗa suka fi karkata ga fada. Kowa ya san waƙarsa ta Karen Mota, amma ta Lebura, wadda ta dubi mai cin abinci da ƙarfinsa, ba ta samu rabin wannan gata ba, alhali ita ce ta fi dacewa da dubban mutanen da suka yi ta kwararowa Kano neman aikin kamfani. Haka Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013: an fi tuna ta da zambo da raha irin na gidan biki, ana mantawa da kiran da ta yi wa mata cewa su kama sana'a. Haruna Uji na Haɗeja kuwa, mai gurmi, an kusa taƙaita shi ga waƙar Jummai kaɗai, sai ka ce bai yi wata ba.

Dalilin bai ɓuya ba. Waƙoƙin Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo sun rayu saboda gwanintarsu, amma kuma suna da fada da zuriyar da ke son a riƙa maimaita su. Da fim ɗin Hausa ya bunƙasa, musamman bayan fitowar Sangaya, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suka gane cewa waƙar soyayya ce ke sayar da kaset, sai furodusoshi suka bi. Dawowar mulkin farar hula a 1999 ta kawo sabon ubangida, wato ɗan siyasa, wanda ke biyan mawaƙi ya kuma sayi fili a rediyo. Lebura ba shi da kuɗin liƙi, ba shi da na sayen fili. Ga shi tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sannan matsalar wutar lantarki da shigowar atamfar waje mai araha, masaƙu suka yi ta rufewa, ma'aikata suka watse.

Za a iya cewa kasuwa ba ta ƙarya, waƙa mai daɗi ita ke sayar da kanta, kamar yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyi a 2020. Gaskiya ne kunne ba ya karɓar abin da bai yi masa daɗi ba. Sai dai kunne yana zaɓa ne daga cikin abin da aka kawo masa, kuma waƙar da ke kwance a tsohon kaset ba ta shiga gasar ba balle a ce ta faɗi. Wasu kuma za su ce wanda ya yini cikin warin jima nishaɗi yake nema, ba tunin wahala ba. Wannan ma da ƙamshin gaskiya, amma karɓuwar Karen Mota a tashoshi ta nuna cewa mutum yana jin daɗi idan aka kira sana'arsa da mutunci. Aminu Ala ma ya tara masoya da waƙoƙin ilimi da halin rayuwa.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya mai yawa. Gidajen rediyon Kano, ciki har da Freedom da ta fara aiki a 2003 a cikin Sharaɗa kanta, za su iya ware fili na mako-mako domin waƙoƙin sana'a, a sa waƙar a kuma faɗi tarihinta. Rediyon Najeriya Kaduna da Rediyon Kano suna da tsofaffin faya-fayai da ya kamata a kwafe zuwa kwamfuta kafin su lalace, kuma masana Hausa na Jami'ar Bayero sun san darajarsu. Ƙungiyoyin ƙwadago, da ke taruwa kowace ranar 1 ga Mayu, za su iya zama ubangidan da lebura bai taɓa samu ba, su gayyaci matasan mawaƙa su biya su. Idan mawaƙi ya ga cewa waƙar ma'aikaci tana ciyar da gida, zai yi ta.