Gado da Ciwon Dajin Babban Hanji: Abin da Ya Kamata Kowane Iyali Ya Sani

Ciwon dajin babban hanji da dubura yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji. Idan aka bar tsiron shekara da shekaru, yana iya rikiɗa ya zama daji, ya ci bangon hanji, ya kama ƙaluluwar da ke kusa, sa'an nan ya shiga jini. Da ya ke jinin da ke fitowa daga hanji ta hanta ya ke bi tukuna, hanta ce ciwon ya fi yaɗuwa a cikinta, sai kuma huhu.

Inda Gado Ya Shigo

Kowane mutum yakan gaji ƙwayoyin halitta, rabi daga uwa, rabi daga uba. Yawancin masu wannan ciwo ba gadonsa suka yi ba, amma akwai zuriyar da aibi ke bi a cikinta. A shekarar 1913 Likita Aldred Warthin na Amurka ya ba da bayanin wani dangi da ciwon daji ya yi ta bi, a 1966 kuma Likita Henry Lynch ya bayyana wasu irinsu. Wannan lalura, wadda a ke kira da sunan Lynch, ita ce sanadin kimanin 3 cikin 100 na ciwon. Takan kama mutum sau da yawa kafin ya kai shekara 50, ga mata kuma tana jawo dajin mahaifa.

Akwai wata kuma mai sa tsiro ɗaruruwa a hanji tun daga ƙuruciya, wadda aka gano ƙwayarta, watau APC, a 1991. In ba a yi fiɗa ba, da wuya mai ita ya kuɓuta. A dukansu biyu, haɗarin kowane ɗa ya gaji aibin daga mahaifi ko mahaifiya mai shi kashi 50 ne cikin 100.

Batun Yaɗuwa

Abin da a ke gada shi ne haɗarin kamuwa. Yaɗuwa kuwa ta danganta ga irin dajin da kuma daɗewarsa ba magani. Dajin Lynch yakan taso da sauri, amma bai cika kai wa hanta kamar sauran ba. Wanda aka gano tun yana bangon hanji, galibi fiɗa tana warkar da shi.

Abin Yi

Duk wanda ya ga jini a bayan gida, ko canjin bayan gida na makonni, ko rama da ƙarancin jini ba dalili, kada ya ɗauka basir ne ko atuni, ya tafi asibiti. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, lalle ya gaya wa likita. Masu lalurar Lynch akan fara duba hanjinsu da na'ura tun suna shekara 20 zuwa 25, bayan kowace shekara ɗaya ko biyu, a cire tsiro tun bai rikiɗa ba.

Ɓoye ciwo a cikin dangi cutar 'ya'ya ne da jikoki. Rigakafi ya fi magani.