Wa Ya Haifi Kakanka?

In aka tambayi ɗan makaranta sunan ubansa, nan da nan zai faɗa. Na kakansa ma ya kan sani. Amma in aka ce wa ya haifi kakan, sai ya sunkuyar da kai. Ba laifin yara ba ne, gama mu manya ma yawancinmu a nan saninmu ya tsaya.

Gidan sarauta ba ya da wannan wahala. Kowa a ƙasar Kazaure ya san Ɗantunku ne ya kafa sarautar wajen 1819, ɗansa Dambo kuwa ya gaje shi a 1824. Maroƙa sun riƙe sunayen, malamai sun rubuta. Talaka fa? Ba mai yi masa kirari, saboda haka tilas ya zama marubucin gidansa.

Aikin yana farawa daga bakin tsofaffi. Tsoho ba zai faɗa maka shekara da lamba ba, sai dai ya ce, a zamanin sarki wane, ko kuwa shekarar abu kaza. To, wannan ya isa. In ya ce an haifi ubansa zamanin Sarki Mayaƙi, watau tsakanin 1886 da 1914 ke nan. In ya ce zamanin Ummaru Na'uka, tsakanin 1922 da 1941. Zuwan Turawa Kano 1903 ne, isowar jirgin ƙasa 1911, babbar yunwa 1914, Marisuwa kuma 1918. Ka rubuta waɗannan a takarda guda, ka tafi da ita duk inda za ka yi tambaya.

Ka yi hankali da sunaye. Saboda alkunya, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace kuma ba ta faɗin na mijinta. Mutum ɗaya yana iya zama da suna uku: na yanka, da laƙabi, da wanda aka sa masa a makaranta. Yara da yawa an rubuta su da sunan garinsu, kamar Roni ko Ɓaɓura ko Gwiwa, maimakon sunan uba. Kada ka mai da mutum ɗaya mutum uku.

Daga nan sai a buɗe akwatin gida. Takardar haraji, da ta jangali, da katin asibiti, da takardar sallamar soja, duk shaidu ne. Wadda ba ta da kwanan wata ma tana faɗin shekarunta. In kuɗin da ke ciki fam da sule ne, ta riga 1973. In hatimin En'e ne a kanta, ta riga 1976. A shekarar 1979 kuma gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. In kuwa ka ga an rubuta Kazaure a Jihar Kano, to, tsakanin 1967 da 1991 ne, kafin a yanke Jigawa. Masu bi su duba shafin farko na tsohon Littafi Mai Tsarki, inda iyaye su kan rubuta haihuwa, su kuma roƙi fasto ya nuna musu littafin baftisma da na aure. Wanda ke son ƙarin bincike ya nufi Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, inda rahotannin Turawan mulki na Lardin Kano suke.

Hoto kuwa kurma ne, sai an yi masa magana. Kai shi wurin tsohuwar gida da rana, a haske mai kyau, kada ka gaggauta ta. Ita za ta gane tsagar fuska ta faɗa maka ko ta wane gida ce, ta gane ɗaurin ɗankwali da yayin zane. Duk abin da ta faɗa, rubuta shi a bayan hoton da fensir, ba da biro ba, domin tawada ta kan huda takarda. Sa'an nan ka ɗauke shi da wayarka, ka aika wa 'yan'uwa, ka ajiye na ainihin cikin gwangwani mai murfi inda gara da laima ba za su kai ba.

Mai tono ya kan tarar da abin da bai zata ba. Wani zai iske kakansa bawa ne aka kawo, wani kuma yunwa ce ta koro nasa daga arewa. Kada a goge, kada kuma a ƙara gishiri. Wanda ya jimre wannan har ya kafa gidan da muka fito, ya cancanci a san sunansa.

Takarda tana iya jiran baɗi, amma tsoho ba shi da wannan alkawari. Wannan hutu, a ba yaro littafi da fensir, a zaunar da shi gaban kakarsa.